Mukullan Baba Ashafa

Juma'a, 8 ga Yuni 1979, bayan la'asar

An yi sadakar uku, mutane sun watse, an bar ni da wanke-wanke. Ban yi kuka a gaban kowa ba, Tsoho, kada ka yi zaton ka ci wannan riba. Tun ina rarrafe kake shelanta wa duk Sharada cewa Atika matarka ce, ko goro ɗaya ba ka taɓa bayarwa ba, ga shi ka tsere ba sadaki ba gado. Kakan kowa ya bar gona ko akuya, nawa ya bar tsintsiya uku da buta mai yoyo.

Mukullan makaranta suna wurina. A ƙarƙashin matashinka na same su, inda ka ɓoye tun ranar da ka kwanta. Na ɗaure su a bakin zanina. 'Yata Binta ta tambaye ni wa zai buɗe musu aji ran Litinin, na ce ta ci tuwonta.

Lahadi, 10 ga Yuni, hantsi

Hedimasta, Malam Tijjani, ya sake zuwa gaisuwa. Ya yi addu'a mai tsawo, ya ce tun da aka turo shi makarantar nan bara bai taɓa tarar da ƙura a teburinsa ba. Da zai sa takalmi sai ya rage murya.

"Malama Atika, mukullan fa?"

Na ce, "Malam, ai kun san al'ada. Jika ta riga ta kama. Sai ran arba'in in an yi wasan jikoki, mai so ya fansa."

Ya yi dariya, ya ce to kafin nan wa zai riƙa buɗe azuzuwa? Na ce wadda ta kama. Ya ɗauka wasa nake. Rabinsa wasa ne.

Sannan ya faɗi ainihin abin da ya kawo shi. Daga gobe, da an tashi da azahar kowane yaro waje, ya sa sabon kwaɗo a get. Ofishin ilimi sun aiko suna tuhumarsa kan abin da ya faru waccan Juma'ar, wai me yara suke yi a makaranta bayan an tashi, kuma da izinin wa. Na ce da izinin Baba Ashafa. Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba Ashafa, amma ba shi za a kora ba."

Na raka shi zaure. Bakina ya san abin da zai faɗa, shi ya sa na rufe shi.

Litinin, 11 ga Yuni, bayan magariba

Na buɗe. Da asuba na je da Binta, na bi ƙofofi ɗaya bayan ɗaya yadda kake bi, na share baranda, na cika randa. Kwaɗon aji huɗu ya ƙi ni sai da na ɗaga ƙofar da ƙafa. Ashe ba rawa kake yi a wurin ba.

Hedimasta ya cika alkawarinsa. An tashi da azahar, an kora su, an rufe.

Su a ofis ba su san yadda lissafin yake ba. Makaranta ta tashi da azahar, jiniyar kamfani ba ta sake mu sai dab da magariba. Tsakanin nan akwai yaran da babu kowa a ɗakin uwarsu sai kwaɗo. Su ne naka. Kana tara su a gindin darbejiya, in hadari ya taso ka mai da su baranda, kana kiransu da aikin iyayensu: 'yan alewa nan, 'yan masaƙa can, 'yan sabulu kusa da ni don ku ne marasa wanka. Ba wanda ya sa ka, ba wanda ya ƙara maka ko sisi. Ka ce mini da farko wata mata ce ta ce ka riƙe mata ɗanta ta dawo yanzu, lokacin da kamfanoni suka fara cinye gonakin gero. Ka ce har yau ba ta gama dawowa ba.

Yau da na fito na tarar da Binta da sauran a bakin get ɗin kamfaninmu, sun raɓe kusa da mai gyaɗa, tirela tana ja da baya a gabansu. Na tambaye ta ta ina suka biyo. Ta kan katakon nan na lambatun ruwan rini. Shi ɗin dai, inda Asibi ta faɗa waccan Juma'ar ka shiga ka ciro ta.

Talata, 12 ga Yuni, da rana

Kujerar Esta, Maman Asibi, a layin naɗe alewa har yau babu kowa. Ban tambaya ba.

Alhamis, 14 ga Yuni, bayan isha'i

Foman ya ce in na sake makara zai aika ni ofis. Na ce to. Shara ce take cinye mini lokaci, wannan fili naka kamar ƙara shi ake yi kullum. Dattijo mai ɗingishi ya share shi shekara talatin da wani abu, ni mai ƙafa biyu lafiyayyu ina haki kafin in kai bakin rijiya.

Na tuna lokacin da makarantar take aji biyu na ƙasa. Inna ta rasu, babana ya bi mota Kudu shiru, ka ɗauko ni ka riƙa zuwa da ni aiki. A ƙarƙashin tagar aji ɗaya na koyi baƙi tun ba a rubuta sunana ba. Da dangi suka ce a ɗora mini talla, ka ce matarka ba ta talla, boko za ta yi ta riƙa karanta maka takardar albashi don kada a cuce ka. Na gama aji bakwai, ba ka taɓa ba ni takardar na karanta ba.

Gobe ma zan buɗe.

Lahadi, 17 ga Yuni, bayan azahar

Kawu Lawal ya zo daga Hotoro. Ya zauna a kan turmi ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya iso. Wai ya ji Binta tana yawo bakin titi har magariba. Wai kakarta ta wajen uba a ƙauyen Kumbotso ta daɗe tana nemanta tun da uban ya rasu.

Na ce, "Kawu, can ba makaranta."

Ya ce, "Can kuma ba lambatu."

Shi ma bai so ya faɗa ba, na gani a fuskarsa. Ya ce zai jira har arba'in saboda kunyar mahaifinsa, in ba a samu inda za ta riƙa zama ba, zai kai ta da kansa. Ba zan iya cewa ƙarya yake ba, kuma ba zan ba da ita ba. Duka biyun.

Laraba, 20 ga Yuni, da asuba

Na buɗe. An yi ruwa. Na bi ta doguwar hanya.

Asabar, 23 ga Yuni, da yamma

Na wanke kakinka karo na uku. Shuɗin ya ƙi fita, daga ƙirji har ƙasa, ko sabulun salo bai motsa shi ba. Warin ne kawai ya ragu. Ruwan rini ba wasa ba ne, ga yadda ya yi wa tufa, balle ƙirjin mutum. Ka ce mura ce. Ka ce mura ce har ran Talata.

Ina shanya sai na ji sallama a ƙofar gida, muryar da na sani. Na shige ɗaki na ce wa Binta ta ce ina salla. Da ta dawo tana riƙe da kwano, gwaten acca ne, da zafinsa. Ta ce Maman Asibi ta ce a gaishe ni, ta tsaya ta tsaya sannan ta tafi. Ta ce an aske wa Asibi kai ƙwal saboda rinin, kuma ba ta magana.

Na ba maƙwabta gwaten. Na san ba ita ta aiki yarinyar ta bi ƙwallo ba. Na sani. Sanin bai hana ni komai ba.

Litinin, 25 ga Yuni, bayan magariba

Hedimasta ya tare ni a baranda da safe. Ya ce, "Malama Atika, wasan nan ya isa. Malamai suna magana. Kayan gwamnati ne."

Na ce, "Ku buɗe wa yara get, yanzu in kwance muku su."

Ya ce ba a hannunsa abin yake ba. Na ce to mukullai ma ba a hannunsa suke ba. Na ga kunnuwansa sun motsa. Kai ka koya mini tsiwa, Tsoho, kada ka ce komai.

Motocin siyasa sun cika titi da lasifika, kowa zai gyara ƙasa. A sa murfi a rami ɗaya ya gagara.

Alhamis, 28 ga Yuni, da safe

Ya canza kwaɗuna duka. An kawo sabon maigadi, Sule. Mukullina bai shiga ko ɗaya ba.

Alhamis ɗin dai, bayan isha'i

Na tsaya a bakin aji huɗu da tsintsiya kamar wadda ta ɓata hanya. Sule ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ni ma sa ni aka yi." Yaro ne mai ladabi. Na nuna masa yadda ake ɗaga ƙofar, na tafi aiki. Yau ban makara ba, foman har da yi mini barka.

Abin da yake bakin zanina yanzu ƙarfe ne kawai. Ban kwance shi ba. Na yi kuka a banɗakin kamfani, injin yana ƙara, ba wanda ya ji. Wannan ba a lissafa shi, ba a gaban kowa ba ne.

Lahadi, 1 ga Yuli, hantsi

Ina kewarka. Shi ke nan abin da zan rubuta yau.

Laraba, 4 ga Yuli, bayan magariba

Kwana biyu ban ga Binta a bakin get ɗinmu ba, sai in tarar da ita a gida. Yau ruwa ya sa aka sake mu da wuri, na biyo ta makaranta. Suna nan jikin katanga ta waje, su goma sha wani abu, an ɗaura leda daga katanga zuwa turken fitila, ruwa yana zuba ta gefe. A tsakiyarsu mace ce a zaune a kan bulo, ta juya wa titi baya, ta buɗe hannuwa kamar kaza. Asibi tana cinyarta.

Esta ce. Ashe an ba wata kujerarta a kamfani tun makon jiya. Asibi ba ta yarda a bar ta, ko banɗaki sai tare.

Na fizgi hannun Binta muka wuce. Ta ce, "Umma, Maman Asibi tana gaishe ki." Na ce na ji, ba kurma ba ce ni. A gida na ce kada ta sake zama wurin. Ta ce to ina za ta zauna? Yarinyar nan bakinka ta ɗauko.

Juma'a, 6 ga Yuli, da rana

Ban hana ta ba. Ban kuma ce ta je ba.

Lahadi, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Na je gidan hedimasta. Na ajiye tsiwa a ƙofar gida tare da takalmina, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Na gaya masa maganar Kawu. Ya daɗe yana juya hularsa.

Ya ce, "Ni ma ina da 'ya'ya, Malama Atika. Kin ɗauka ba na ganinsu jikin katanga? Sule aikinsa gadi ne, ba zan ɗora masa yara ba. Amma da akwai babba, uwa daga cikinku, wadda za ta zauna da su kullum, wadda in an tambaye ni zan nuna in ce ga ta, da sai in san abin da zan gaya wa ofis."

Na zaga ɗakunan mata har magariba. Zainab ta masaƙa ta ce in ta bar aiki su ci me? Haka kowa ta ce, haka ni ma zan ce. Kowace kuma sai ta dube ni ta ce, ai kin san wadda take zaune da su yanzu. Na sani. A kan bencinka, Tsoho? A gindin darbejiyarka? Ita tana da 'yarta a cinya, ni ina da tsintsiya uku.

Laraba, 11 ga Yuli, bayan isha'i

Kawu ya aiko wai a yi addu'a kawai ran Lahadi, a bar wasan jikoki, samarin masallacinsu sun ce ba shi da asali. Na aika masa cewa ya gaya wa samarin su zo su cire mini kakin da hannunsu.

Kai ka sa ni alkawari. Tun ina aji uku kake sa ni in kwaikwaye ka a gaban yara, kana gyara mini. "Ba wannan ƙafar ba ce, shashasha, ta hagu ce jaki ya taka." Ka ce ran da ka mutu in ban sa mutane dariya ba, ba ka yafe sadakin da ba ka biya ba.

Na gwada ɗazu a ɗaki. Binta ta yi dariya har ta faɗi, sannan ta koma bayan ƙofa ta zauna.

Asabar, 14 ga Yuli, da yamma

An daka gumba. Kawu ya zo da akwatin ƙarfe ƙarami, ya ajiye a zaure bai ce na mene ne ba. Za mu gani.

Lahadi, 15 ga Yuli, bayan magariba

Bari in rubuta tun abin yana da zafinsa.

An yi addu'a da safe a filin gaban makaranta, don ɗakinmu ba zai ɗauki mutane ba. Ban san ka tara jama'a haka ba. Direbobi, masu gadi, 'yan masaƙa da suka zo tun daga Bompai, wani mai kwat da mota ya ce kai ka cire masa ƙaya a ƙafa yana aji ɗaya. Da aka shafa fatiha aka fito da gumba, sai na shiga ɗakin Sule na sa kakin, da hularka mai huji, na shafa toka a haɓa, na ɗauki tsintsiya.

Na fito ina ɗingisa ta hagu, mukullai suna kaɗawa a ƙugu. Wata tsohuwa ta ce, "La ilaha, ga Ashafa!" sai dariya ta ɓarke. Na yi tarinka. Na kori akuyar da babu ita. Na leƙa kunnen mai kwat na ce har yanzu ba ya wanka. Na ɗauke ƙwaryar gumba na ce jikoki sun kama. Kawu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa.

Sai na buɗe murya yadda kake yi. "'Yan masaƙa, nan!" Suka rugo. "'Yan sabulu, kusa da ni!" Suka rugo. Ban shirya wannan ba, bakina ne ya tafi da kansa. "'Yan alewa!"

Binta ta zo, da wasu biyu. Saura ɗaya. Kowa ya san saura ɗaya, kuma kai ba ka taɓa fara komai da saura ɗaya ba.

Esta da Asibi suna can ƙarshen fili, da kayan coci, ba su shigo cikin mutane ba. Da ni ce da na juya. Amma mutane suna kallon Ashafa, kuma duk wanda ya san ka ya san inda za ka nufa. Na ɗingisa har gabansu. Asibi ta ga shuɗin kakin ta ƙanƙame uwarta. Esta ta rame, ban lura ba sai yau.

Na ji bakina yana cewa da muryarka, "Maman Asibi, wa ya ba ki izinin kuka a makarantata?"

Ta ce, "Baba, ka yafe mini." Ba da ni take ba. Ta durƙusa a ƙasa da farin zanenta. "Baba, ka yafe mini, da na zo da wuri..."

Na ce, "Jiniyar taki ce? Tashi, kina ɓata mini shara." Haka za ka ce. Da na faɗa sai na ji gaskiya ne, kuma muryar ta karye ta koma tawa. Asibi ta miƙo hannu ta taɓa mukullan. Na ce, "Ke mai ƙwal, kin makara." Ta ce, "Na zo, Kaka." Uwarta ta toshe baki.

Na yi kuka a gaban kowa, da toka a haɓa. Ka ci wannan, Tsoho.

Hedimasta ya matso da kuɗi a hannu, ya ce ga fansar jika. Na ce ya mai da aljihu, jikokin Ashafa sun fi ƙarfin wannan, ga su nan tsaye, get suke so. Ya ce ai ya gaya mini sharaɗinsa. Na kama hannun Esta na ɗaga. Na ce, "Ga ta. In an tambaye ku, ku nuna ta." Ya dube ta, ta ce, "Zan zauna, Malam. Kullum." Zainab ta ce mata za su riƙa haɗa mata abin cefane duk ƙarshen wata, sauran suka amsa.

Ya ce zai je ofis gobe, ba ya alkawarin abin da za su ce, amma kafin su ce, Sule zai bar ƙaramar ƙofa. Na kwance mukullan na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu, ko da yake ni da shi mun san ba sa buɗe komai.

Kawu bai yi maganar Kumbotso ba. Ya ci gumba, ya hau kekensa.

Litinin, 16 ga Yuli, bayan magariba

Ofis ba su ce komai ba tukuna. In sun ce a rufe, zan koma gidan hedimasta, in bai isa ba in je ofishin da ƙafata.

Da jiniya ta tashi na biyo ta makaranta. Suna ciki. Esta ta shimfiɗa tabarma a ƙasa ta zauna, ta bar bencin ba kowa. Na ce mata ƙasa da sanyi, ta hau. Ta ce ba za ta iya ba. Na zauna a kai, na ja ta ta zauna kusa da ni, muka jira har uwar ƙarshe ta zo ta ɗauki nata.

Da za mu tafi na ce wa Binta ta yi sallama. Na ce wa Esta, "Gobe ina aiki har shida. Ki riƙe mini ita."